Mutumin da Ya Ƙi Sa wa Yayana Hannu

Ƙarfe bakwai saura kwata yake isowa, alhali ba a fara ganin marasa lafiya sai takwas. Mai shara ta ce shekararta goma sha ɗaya a sashen ido, sau ɗaya tak ta taɓa riga shi zuwa, kuma abin yana yi mata ciwo. Zai rataye hularsa a ƙusar bayan ƙofa, ya wanke hannu, ya buɗe akwatin gilasan gwaji, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da ƙyalle. Daga nan sai ya ɗauko igiyar awo ya auna tsakanin kujerar mara lafiya da allon haruffan da ke bango. Kullum fa. Mita shida ne jiya, mita shida ne yau, bango bai taɓa zuwa ko'ina ba, amma sai ya auna. Ta taɓa tambayarsa dalili, ya ce ai ita ce take jan kujerar in tana shara. Ta ce tun daga ranar ba ta ƙara kula shi kafin ƙarfe tara ba.

Wannan shi ne Malam Ɗaya-ko-Biyu, mai awon ido a asibitin unguwarmu, wanda zai ajiye aiki ƙarshen watan nan bayan shekara talatin da biyu. Duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya san inda sunan ya samo asali. Zai ɗora maka wani firam mai nauyi a karan hanci, ya zura gilashi, ya zare, ya zura wani, ya ce, "Wanne ya fi, ɗaya ko biyu?" Ka ce biyu. Ya ce, "Madalla. Yanzu kuma fa, ɗaya ko biyu?" Haka za ku yi ta yi har ka ji kamar ka ce masa duk ɗaya ne, ya ƙyale ka ka tafi gida. Ba zai ƙyale ka ba.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu, ba da sanyin rai na zauna rubuta wannan ba. Mutumin nan ya ba ni haushi fiye da yadda wani ma'aikaci ya taɓa ba ni. Shekara biyu cur na yi ina ganin sa a hanya ina kau da kai. Amma shekaranjiya aka nuna min jawabin da za a karanta a taron sallamarsa, layi uku, wai ma'aikaci ne mai zuwa aiki da wuri, mai zaman lafiya da kowa. Zaman lafiya da kowa? Shi ɗin? Wanda ya rubuta ko dai bai san shi ba, ko kuwa yana jin nauyin faɗin abin da ya sani. To ni ba na jin nauyi.

Ku tambayi matar da ke ba da kati. Za ta gaya muku yadda wani mai shagon tabarau ya aiko masa da agogon bango a cikin kwali mai kyau, da ɗan saƙon cewa in ya rubuta wa mutane tabarau ya riƙa nuna musu hanyar shagonsa. Malam ya sa ta mayar da agogon da ƙafarta, a cikin rana, ya kuma haɗa ta da takardar godiya. Ita dai har yau tana cewa ofishin kati ba shi da agogo, da ma ya bar musu. Shi kuwa takardar awonka a hannunka yake damƙa maka, ya ce ka je duk inda ranka yake so. In ka matsa ya faɗa maka shagon da ya fi, sai ya ce, "Wanda ya bi abin da na rubuta."

Ku tambayi telan bakin asibiti, wanda ya je neman tabarau don ya ga suna yi wa abokinsa kyau. Kusan awa guda Malam ya yi yana auna shi, sannan ya ce idonsa lafiya ƙalau, ya je ya ƙara fitila a shagonsa. Tela ya ce, "To Malam, ko mai ɗan sauƙi haka ka rubuta min mana." Ya ce ba ya rubuta wa mai lafiya magani. Ku tambayi nas ɗin da yake kira duk sanda zai kashe fitilar ɗaki ya duba cikin idon mace, ko da kuwa tsohuwa ce da ta yi jika da shi. Ta ce ƙafafunta sun san hanyar ɗakin nan fiye da hanyar gidansu. Kuma in abu ya fi ƙarfin aikinsa ba ya wani kewaye-kewaye. Zai ce, "Ni awo aka koya min, wannan na likitan ido ne," ya rubuta maka takarda zuwa babban asibiti, bayan sati ya kira ka a waya ya ji ko ka je.

Duk wannan na san shi tun da daɗewa, kuma ina yaba masa daga nesa, kamar yadda kowa yake yabon mai gaskiya muddin ba a kansa ta faɗo ba. Sai ta faɗo a gidanmu.

Yayana direban motar makaranta ne. Shekara ashirin da shida yana kwasar yara safe da yamma, ko kaza bai taɓa takawa ba. In ka raba shi da sitiyari ban san abin da zai rage ba, don ko hira ake yi a gida, hannunsa na dama yana neman giya. Da lokacin sabunta lasisinsa ya yi, aka ba shi fom ɗin gwajin ido, sai mai awo mai lasisi ya sa hannu ya buga hatimi. Yaya ko a jikinsa. Shi da Malam benci ɗaya suka zauna a firamare, kuma direbobi duk sun san yadda abin yake: ka karanta allo har layin ƙasa, a buga maka hatimi, ka kama gabanka.

Abin da ya faru a ɗakin, daga bakin Yaya na ji shi bayan an daɗe, don shi Malam har yau bai ce uffan ba. Yaya ya karanta allo tsaf, ido ɗaya bayan ɗaya, har layin ƙasa. Ya miƙa fom. Malam bai karɓa ba. Sai ya jawo kujera ya zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa, ya ce ya rufe ido ɗaya ya kalli hancinsa kawai. Ya miƙa hannu can gefe yana kaɗa yatsu, yana matso da shi a hankali.

"In ka ga yatsuna ka faɗa min."

Yaya ya yi ta jira. Ya ce har ya fara tunanin wasa ake yi masa. Sai da hannun ya zo kusan saitin fuskarsa sannan ya gan shi. Aka sake, haka. Aka koma ɗaya idon, da ɗan dama-dama, amma shi ma ba yabo. Malam ya auna ƙarfin ruwan idon, ya haska fitila ciki ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye kayansa ya gaya masa. Hawan jinin ido ne. Daga gefe yake fara cin gani, ba ciwo, ba ja, ba hawaye. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma abin da ya rage ana iya tsare shi in aka fara magani yanzu.

Yaya ya ce, "Haba mutumina, layin ƙasa fa na karanta maka."

"Ka karanta. Gabanka lafiya lau. Gefenka ne babu."

"To me aka yi madubi domin shi?"

"Da wane idon za ka ga madubin?"

"Shekara ashirin da shida fa, ko kwarzane babu a motata."

"Na sani. So nake a bar ta a haka. Ga takardar babban asibiti. Wannan fom ɗin kuwa ba zan sa masa hannu ba."

Yaya ya dawo gida ya cusa takardar asibitin a ƙarƙashin katifa, ya ce mana kalma huɗu kawai: ya ƙi sa hannu. Bai ce akwai ciwo ba. Gida ya kama da wuta. Matarsa tana kuka, Mama tana cewa ita ta sha goya Malam ɗin nan yana yaro in uwarsa ta tafi unguwa, yau shi ne zai raba ɗanta da abincinsa. Ni kuwa da ma ba a tsokano ni ba ya aka cika. Washegari na ɗauki mayafi na nufi asibiti.

Kun san abin da ya fara yi min? Ya leƙo ya gan ni a tsaye ina huci, ya ce akwai mutum bakwai a gabana, in samu wuri in zauna. Na zauna. Da layi ya zo kaina na shiga, na wanke shi tas. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce masa baƙin ciki ne, na ce masa girman kai ne, na tuna masa wanda yake rakiyarsa gida in manyan yara sun tare shi a hanya. Yana zaune yana goge gilashi.

Da na gaji na ce, "To ka faɗa min dalili."

Ya ce, "Malama, ba zan yi maganar idon wani da ke ba."

"Wani? Yayana ne fa, ciki ɗaya muka fito!"

"Shi ya sa shi ya kamata ya gaya miki. In ya zo da ke ya ce in faɗa, zan faɗa."

"Ashe ba ka da hujja ke nan."

Ya ajiye gilashin da yake gogewa. Can sai ya ce, "Ke yaushe rabon da a auna idonki? Tunda kin zo, zauna in duba."

Na ɗauka baƙar magana ce yake gaya min, wai ni ce ba na gani. Na bugo masa ƙofa har allon haruffan ya karkace.

Kafin sati ya zagayo Yaya ya samo hatiminsa a wani wuri. Wani shagon tabarau ne a bayan tasha, da takardar shaidar wani mai awo rataye a bango cikin gilashi. Mai takardar kuwa yana can wani gari, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa a shagon. Ya bar fom-fom a aljihun tebur, duk ya sa musu hannu ya buga hatimi tun kafin a san na wane ne, mai sayar da tabarau sai dai ya cika suna. Minti biyar Yaya ya yi a ciki, ko kujera bai zauna ba. Muka yi ta murna. Ni da bakina na ce Allah ya yi mana maganin mai taurin kai, kuma wannan maganar har yau in na tuna ta sai in ji kunya ta rufe ni.

Ranar Litinin Malam yana hanyar aiki ya ga motar makaranta ta wuce shi cike da yara, ga Yaya a sitiyari. Ranar Talata, a karo na farko a tarihin sashen ido, mai shara ta riga shi zuwa, don shi yana harabar makaranta. Mai gadi ne shaida, shi ya ba ni labari. Yaya yana zaune a mota yana ɗuma inji, yana kallon gaba, yara ba su fara taruwa ba. Malam ya zo ya tsaya daidai gefen tagarsa, tazarar da bai fi miƙa hannu ba, ya ɗaga hannu sama. Bai yi magana ba. Mai gadi ya ce har ya gama buɗe ƙyauren ƙofa biyu ya dawo, mutumin nan yana tsaye da hannu a sama kamar ɗalibin da malami ya manta da shi. Sai da ya ƙwanƙwasa jikin motar sannan Yaya ya zabura.

"Kai! Tun yaushe kake nan?"

"Tun kafin ka ta da inji. Kuma ni dogo ne. Waɗanda kake saukewa a bakin titi, wasunsu ba su kai ƙuguna ba."

Malam ya ce masa sirrin ciwonsa yana nan a rufe, ko ƙanwarsa da ta je ta zage shi bai gaya wa ba. Amma ƙa'idar aikinsu ba ta yarda ya yi shiru ba in shirun zai jawo wa wasu halaka. Ya ba shi kwana uku ya ajiye tuƙi da kansa. In bai yi ba zai rubuta wa hukumar lasisi, kuma zai kawo masa wasiƙar ya karanta kafin ya kai.

Ba a kai kwana ukun ba. Mai gadi ya ce Yaya ya daɗe yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, sannan ya kashe motar, ya sauko, ya ba shi makulli ya ce ya kai wa shugabar makaranta. Ya zaro kwafin fom ɗin shagon daga aljihu ya jefa wa Malam a ƙirji, ya ce, "Ga shi nan, ka ci." Malam ya sunkuya ya ɗauka, ya karkaɗe ƙura, ya tambaye shi ko ya yarda ya kai wa hukumar da ke kula da masu awon ido. Yaya ya ce ya kai wa duk wanda ya ga dama, ya juya ya tafi gida a ƙafa.

Ya kai kuwa. Aka kira mai hatimi, aka bincika aljihun tebur, aka dakatar da lasisinsa. Kuna tsammanin abokan aikin Malam sun yi masa sannu? Ina! Cewa suka yi ya tona wa ɗan'uwa asiri, ya zubar wa sana'a da mutunci. A taron ƙungiyarsu sai da aka bar kujerun da ke kusa da shi ba kowa. Wato wanda ya ba da hayar takardarsa ga shago, ya sa hannu a kan idanun da bai taɓa gani ba, shi ne ɗan'uwa, wanda ya ce a daina shi ne bare. Wannan lissafin har gobe ya fi ƙarfin kaina.

Kada kuma wani ya ɗauka abin ya zo wa Yaya da sauƙi. Wata biyar ya yi a ɗaki, da ya ji ƙarar motar makaranta sai ya ƙara muryar rediyo. Daga baya aka ba shi kula da ma'ajiyar kaya a makarantar, yana zaune yana kallon wani yana jan motarsa. Ni ina ganin haka ina ƙara ƙullatar Malam, don ba wanda ya gaya min komai. Sai bayan shekara biyu na ga matar Yaya tana ɗiga masa magani a ido, na tsare ta da tambaya, ta fashe da kuka ta faɗa min. Ta ce likitan babban asibiti ya ce ciwon yana bin jini, 'yan'uwa su je a duba su. Nan take maganar nan ta faɗo min a rai: tunda kin zo, zauna in duba. Ba zagi ba ne. Iyakar abin da zai iya faɗa min ke nan ba tare da ya ci amanar Yaya ba.

Na koma, na yanki kati, na bi layi. Na shiga na ce, "Malam, ka yafe min abin da na yi maka." Na shirya jawabi mai tsawo tun daga gida. Ya ce, "Ɗora haɓarki a nan, ki kalli fitilar." Shi ke nan fa. Ko ɗan dama bai ba ni in yi kukana ba. Ya samu nawa idon ma ya fara, amma da sauran lokaci, ya tura ni inda ya tura Yaya.

Malam, yanzu da kai nake. Kai ne ka tsaya aka zage ka a ɗakin aikinka, amsa tana bakinka, kalma biyu za ka faɗa in ji kunya in fita, ka ƙi faɗa. Kai ne ka zaɓi abokinka ya ƙi ka yana gani, a kan ya so ka ya makance, ko ya dawo gida da jinin ɗan wani a tayarsa. Gagara-roƙo, mai hannu ɗaya ga kowa. Ba ka iya lallashi ba, wannan kam ba zan ɓoye ba, da ka iya da wataƙila an rage wani ɓacin ran. Amma yaran da suka sauka daga motar nan lafiya sun girma, wasu har sun yi aure, kuma ba ɗaya a cikinsu da ya san akwai abin da ya kamata ya gode maka. To ni na gode a madadinsu. Na gode a madadin Mama, da ta rasu tana ganin ka yi mata butulci. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai amfani, in har ka san yadda ake hutawa.

Mu kuma da muke yawo da fom a hannu muna cigiyar wanda ba ya bincike, mu ji kunya. Mu muke raya aljihun teburin nan. Ba mai buga hatimi a kan farar takarda in bai san za mu zo muna godiya ba.

Shekara tara ke nan Yaya yana zuwa wurin Malam duk bayan wata uku a duba ko ciwon ya matsa. Ya shiga, ya zauna, ya amsa abin da aka tambaye shi, ya tashi. Ba gaisuwa, ba hira. Da na gama rubutun nan na kai masa, tunda sirrinsa ne a ciki, in ji ko ya yarda a buga. Na ce bari in karanta masa, ya fizge ya ce idonsa bai mutu ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya karanta da kansa, yana bin layi da yatsa, har ƙarshe.

Ya ce, "Ki buga. Amma ki rubuta cewa har yanzu ban huce ba."

Na ce to, zan rubuta.

Ya ninke takardun, bai miƙo min ba. Can ya ce, "Da gaske ƙarshen watan nan zai tafi?"

"Da gaske."

"To wa zai riƙa duba ni?"

Ku da kuka karɓi lasisi bana da bara, kuka rataya takardunku a bango, amsar tana wurinku. Watan jibi Yaya zai zo ya zauna a kujerar nan, ba zai gaishe ku ba, kuma ɗan ganin da ya rage masa shi zai ɗora a hannunku.